Birgi a Kan Tudu

Ni ce Atika mai bandar kifi ta bakin tafkin Madarumfa. In kun ji ana cewa wata tsohuwa ta yi su a kan tudu ta kama karnuka, ba ƙarya aka yi muku ba, ni ce. Sai dai masu ba da labarin suna ƙara masa gishiri, shi ya sa gara ku ji daga bakina.

Ina da kare. Ko in ce maigidana ne yake da shi, Allah ya jiƙansa, ni gado na ci. Masunci ne, ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo, ya riƙa shiga jirgi da shi. Da maƙwabta suka dame shi da surutu sai ya raɗa masa suna Ƙyale-su. Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidan, kuma a shekarun nan Ƙyale-su ne ke gadin bandata da ɗan lambun da ke bayanta. Kyanwa ba ta kusantar kifina, akuya ba ta tsallake shingena, ɓarawo kuwa ya san hanyar da zai bi ba tawa ba. Amma wallahi ban taɓa ɗora masa hannu ba, ko sau ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce. Haka muka tashi muka tarar. Kare a wurinmu na gadi ne, a jefa masa kan kifi daga nesa, in ya matso a daka masa tsawa. Duk masu lambun bakin tafki haka suke da nasu.

To a bazarar bara sai mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a wani ƙauye can wajen Safo. Ba a kai ta asibiti da wuri ba, Allah ya yi mata cikawa. Hankalin kowa ya tashi. Ba a yi mako ba mai shela ya zagaya gari yana cewa hukuma ta yanke: ranar Litinin za a watsa nama mai guba a lambunan bakin tafki, kowa ya tsare kajinsa da awakinsa.

Na ji shelar ina juya tarwaɗa, sai da kifin ya ƙone a hannuna. Na dubi Ƙyale-su yana kwance gindin shinge, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, bai san an yanke masa kwana biyar ba. Abin da ya rage mini na maigidan ke nan mai numfashi.

Washegari Alhamis wata yarinya ta tsaya a bandata a kan moto, babur ke nan, da hijabi ruwan toka har gwiwa. Ta ce sunanta Nusaiba, likitar dabbobi ce daga Maraɗi. Ta roƙi manya sun yarda da magana ɗaya: an ƙidaya karnukan bakin tafki sittin, in ta yi wa arba'in da biyu allurar rigakafi kafin rana ta faɗi ran Asabar, za a fasa gubar.

Na ce, "Ɗiyata, ki yi wa nawa ki sa masa alama, sauran ba ruwana."

Ta yi murmushi ta ce, "Inna, guba ba ta duba alama. In an watsa nama, da wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba duk za su ci. Ko a cika arba'in da biyu, ko naki ma ya tafi."

Na tambaye ta yadda za ta yi. Ta ce ta sa an yi shela kowa ya ɗauro karensa da igiya ya kawo filin bakin kasuwa ran Asabar da safe. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Ke dai kin yi lakkol, kin sha boko, amma ba ki san mutanenki ba. Wa zai ɗaura wa kare igiya a garin nan? Sai ka taɓa wuya kafin ka ɗaura igiya. Karnukan nan ba su san hannu ba, masu su kuma ba su san jikinsu ba."

Fuskarta ta sauya. Ta ce to sai dai a sami mutane su taimaka a bi lambu-lambu. Na ce ta zo gobe bayan Juma'a, ƙungiyarmu na da zama.

Ƙungiyar unguwarmu ta taimakon juna ce. Maza su yi aikin ƙarfi, mu mata mu yi girkin gayya, kuma ni ce ke kan tukunya. Muna zama gindin bedin ƙofar gidan Liman Hamza, maza a tabarmi, mu daga gefe. Shugabanmu Alhaji Ashiru ne, ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Jibiya, shi ke da firigon da ake sayen ƙanƙara duk unguwar. Kada in zalunce shi, mutum ne mai kyauta. Akwai gidaje a garin nan da ba a ɗora tukunya sai da hatsinsa. Amma in ya kafe a kan magana, jaki ya fi shi sauƙin juyawa.

Aikin da aka riga aka tsara na Asabar ɗin shi ne yaɓen ɗakunan marayu da gwagware guda tara kafin ruwa ya sauka. An kwaɓa ƙasa, an tara ramno, komai ya kammala. Da Nusaiba ta gama bayani ta roƙi a ba ta mutum goma da amalanke biyu, sai Alhaji Ashiru ya cire tabarau ya dube ta.

"Malama, sannu da ƙoƙari. Amma bari in tambaye ki. Ɗakin marayun Sa'a ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ruwan farko in ya zo da iska, a kansu zai faɗi. Kina so in ɗebe mutum goma daga wannan aiki in tura su bin kare? In Allah ya tambaye ni me na yi da ranar, in ce na bar maraya na yi wa kare hidima?"

Mutane suka ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Ya ci gaba, "Kuma ke ɗiyar Musulmi, da hijabinki, ki riƙa shafa najasa da hannunki? Kare ya kashe mana yarinya. A watsa gubar a huta."

Nan fa jinina ya hau. Ban nemi izini ba na miƙe. Na ce, "Alhaji, ka manta wancan karon da aka watsa guba? Ni ban manta ba. Ungulaye suka riƙa faɗowa daga sama, kajin mata suka ƙare, gafiya ta cinye lambuna a shekarar. Ba a yi wata shida ba karnukan daji suka cika wurin, waɗanda ba su san kowa ba. Kuma ɗiyan wa ke zuwa lambu ɗibar zogale da sassafe? Ɗiyanka a cikin mota ake kai su lakkol. Marayun nan da kake faɗa su ne ke bin shinge ba takalmi, su kare zai fara ciza."

"Atika, zauna," in ji shi. "Kowa ya san karenki kike ji."

"Shi nake ji! Na ce maka ba shi nake ji ba? Amma abin da na faɗa ƙarya ne?"

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani matashi da ya yi karatu a waje ya ce yawun kare najasa ne, malamai da yawa sun faɗa. Wani ya ce shi ya ji ko inuwar kare ta taɓa ka sai ka sake alwala, aka yi masa dariya. Sai Liman Hamza ya ɗaga hannu. Tsoho ne mai magana a hankali, sai ka kasa kunne.

Ya ce, "Abin da muka karanta a wurin malamanmu na Malikiyya, duk mai rai jikinsa mai tsarki ne, har kare. In ya sha a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, wannan umarni ne, muna bi. Akwai malaman da suka ce yawunsa najasa ne, su ma manya ne, ba a raina su. Wanda ya bi su, ruwa ya ishe shi, ya wanke ya yi salla. Karen gadin shuka kuma an yarda a ajiye shi. Kuma kun sha jin labarin wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa. Yarinyar nan ba ta yi laifi ba."

Na ce a raina, alhamdu lillahi, an gama. Ashe bai gama ba.

"Amma Alhaji ma bai yi ƙarya ba. Ɗakin marayu ba ya jira. Ni ba zan ce a bar shi ba."

Aka tsaya a kan haka: ƙungiya za ta yi yaɓe, wanda ya ga zai bi likita ya bi don kansa. Aka tambaya wa zai bi. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na ji haushi har idona ya kawo ruwa. Na ce wa matan su nemi mai riƙe musu muciya gobe, ni ina da aiki.

A hanyar gida Nusaiba na tura moto ina gefenta, ta ce, "Inna, mu biyu ba za mu iya ba. Ko kare ɗaya sai an danne shi."

Ni kuwa idona na kan tafki. Wani masunci na tsaye a jirgi ya watsa birgi, ragar nan mai dalma a baki da ake jefawa ta buɗe kamar faifai ta rufe kifi. Na tsaya cik. Na ce, "Ke, allurar nan taki tana shiga ta ramin raga?"

Ta dube ni, ta dubi masuncin, ta ce, "Tana shiga."

Birgin maigidana na rataye a ɗaki tun ranar da ya sauke shi. Duk shekara nakan sauko da shi in kakkaɓe in ɗinke inda ɓera ya ci, in mayar. Jifa kuwa na iya, ko in ce na taɓa iyawa. Ubana bai haifi namiji ba sai bayan na girma, ni ce nake bin shi ruwa har aka yi mini aure. Sai dai shekara talatin da wani abu rabona da shi.

Na biya wurin Isa, ƙanin maigidana, wanda ke taƙama duk tafkin ba mai hannunsa a birgi. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya. Na ce ya zo ya taya ni. Ya riƙe baki.

"Matar yaya, tsufa ya fara taɓa ki? In sa ragata a kan kare, gobe wa zai sayi kifina? Ke ma ki yi hankali da bandarki, mutane na da baki."

"Matsoraci," na ce. "Yayanka da kare yake shiga jirgi."

"Shi ya sa ni nake shiga nawa ni kaɗai. Amma zan zo kallo, wannan ba ya wuce ni."

Asabar da hantsi Nusaiba ta fara zuwa filin bakin kasuwa, don ta ce alkawari ne. Ta zauna awa guda da galasiyarta, akwatin sanyin da allurar ke ciki a kan ƙanƙara. Ko kare ɗaya ba a kawo ba. Ta iso bandata rana ta fara zafi, ta ce in ƙanƙarar nan ta narke allurar ta lalace.

Na riga na tara hanjin kifi da kawuna cike da bokiti tun jiya, sun yi wari yadda ake so. Duk karen da ke bakin tafkin nan ya san warin bandata. Na zuba kaɗan a fili a kan rairayi, na naɗe zanena, na ɗora birgi a kafaɗa, na kama gefe ɗaya da haƙori kamar yadda ubana ya koya mini. Isa da masunta kusan goma suna zaune a kan wani jirgi da aka kife, sun zo cin dariya.

Wanda ya fara zuwa Ƙyale-su ne, don gidansa ne. Na ce bismillahi, bari in fara da nawa. Na juya ƙugu na saki. Kafin ragar ta bar hannuna ya riga ya yi tsalle gefe. Ashe na manta, a jirgi ya girma. Ya san juyin ƙugun nan, ya san ƙarar dalma, sau dubu ya kauce wa birgin nan yana ƙarami. Ya tsaya can nesa ya dube ni, kallon da ban so ba, ya juya ya shige cikin kacalla, doguwar ciyawar bakin ruwa. Ragar kuma ta faɗi a dunƙule kamar wanki.

Masunta suka fashe da dariya har wani ya faɗo daga kan jirgi. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya fi kunyar. Don shi na fito, kuma shi na fara kora.

Nusaiba ta ce, "Inna, ga wani nan."

Wani jan kare ne na lambun maƙwabcina. Na sake naɗawa. Na jefa, rabin ragar ta buɗe, ta kama shi a ƙafafun baya. Ya yi ta birgima yana kuka, ni na ja igiya, Nusaiba ta faɗa kansa da buhu ta danne, ta soka allura a cinya, ta shafa masa shuɗin fenti a goshi. Muka ɗaga ragar ya fita da gudu. Ɗaya.

Na biyu na kuskure. Na uku na kuskure. A na huɗu ne Isa ya kasa daurewa. Ya diro daga kan jirgi yana ihu, "Haba! Haba matar yaya! Kina kashe ragar nan! Ba a kafaɗa ake saki ba, a ƙugu ne. Ragar yaya ce fa, kike wulaƙanta ta gaban jama'a!"

"In ka iya zo ka yi. Baki dai gare ka."

Ya fizge birgin daga hannuna. Ya naɗa, ya juya, ya saki. Wallahi sai da na ji daɗi a raina ko da ina fushi da shi. Ragar ta buɗe da'ira cikakkiya ta sauka a kan wani baƙin kare kamar an kifa masa kwando. Biyu.

Ya juya ya dubi abokansa yana gyara hula. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Wannan a tsaye yake, ko makaho ya kama shi. Mai gudu ake magana." Isa ya ce to ya zo ya gwada mai gudun. Dattijon ya tashi ya karɓa. Kafin azahar masu dariya sun koma masu layi, ana faɗa a kan wa zai yi jifa na gaba. Wasu suka ruga gida suka ɗauko tsofaffin ragunan da suka daina sa wa a ruwa. Ba wanda ya ƙara tada maganar najasa, maganar da ake yi ita ce hannun wa ya fi. Muka rabu biyu, muna bi lambu-lambu, ni da bokitin wari a gaba, karnuka na fitowa daga shinge, raga na sauka, Nusaiba na gudu tsakaninmu hijabinta duk rairayi. Masu lambu da suka ga ba sai sun taɓa ba, suka riƙa nuna mana inda nasu ke kwanciya.

Muka yi azahar a bakin ruwa, kowa ya wanke hannu da ƙafa ya yi alwala. Muna da ashirin da shida. Sai Nusaiba ta buɗe galasiya ta kira ni gefe. Ƙanƙarar ta zama ruwa, saura ɗan guntu kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Ta ce ba zai kai awa ɗaya ba.

Ƙanƙara a unguwar nan wuri ɗaya take. Na hau bayan motonta muka nufi gidan Sa'a inda ake yaɓe. Alhaji Ashiru na tsaye da kansa a cikin taɓo, ya naɗe wando, yana miƙa curi. Wannan kam ba na raina masa. Sun gama ɗaki huɗu, sun gaji liƙis, saura biyar. Ya gan ni ya toshe hanci, don ni ma na san warin da nake yi.

Na ce, "Alhaji, ban zo gardama ba. Ƙanƙara na zo roƙo."

Ya dube ni. Ya ce, "Nawa kuka yi?"

"Ashirin da shida."

"Ke da wa?"

"Da masunta."

Ya girgiza kai. "Masuntan da na aika musu sau uku su zo yaɓe suka ce suna da aiki?" Ya goge hannu a riga ya zaro mabuɗin firigo ya miƙa wa Nusaiba, ba ni ba. "Ki ɗebi abin da ya ishe ki. Ni magani na ba ƙanƙara, ban ba kare ba. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana, ɗakin nan ya fi."

Na ce, "Allah ya saka. Ɗakin ma ba za a bar maka shi kai kaɗai ba."

Aikin yamma ya fi wuya. Karnuka sun gane, masu wayo sun shige daji. Muka yi ta bi cikin rana, ƙafata ta kumbura, wani kare ya yage wa Isa wando ta cikin raga aka yi ta yi masa tsiya. Talatin da biyar. Talatin da tara. Aka kira la'asar muna da arba'in. Wata karya mai shayarwa muka samu a ƙarƙashin rumbu, arba'in da ɗaya. Daga nan shiru. Muka zagaya lambunan sau biyu, duk karen da ya leƙo da shuɗi a goshinsa. Hanjin kifi ya ƙare. Rana ta yi ja ta fara sauka a kan ruwa.

Muka dawo bandata a gajiye. Labari ya riga ya zagaya gari, mutane sun taru, har masu yaɓe sun sauko da taɓo a jikinsu, da Liman, da Alhaji Ashiru. Nusaiba ta ce ba za ta rubuta abin da ba ta yi ba, arba'in da ɗaya za ta faɗa in ba a samu ba. Ban ji haushinta ba.

Sai Isa ya taɓa ni da gwiwar hannu. Can bakin kacalla Ƙyale-su ne tsaye, goshinsa ba fenti. Isa ya fara naɗa raga a hankali. Kare ya ja da baya.

Na ce, "Ajiye. Duk ku ajiye, ku ja baya. Wannan raga ba ta kama shi."

"To da me za ki kama shi?"

Na wuce shi. Na taka zuwa tsakiyar fili ni kaɗai, ba bokiti ba komai. Na durƙusa a rairayi. Na tuna yadda maigidan ke yi in zai shiga jirgi, yakan buga cinya sau biyu ya miƙa tafin hannu. Sau dubu na gani daga bakin banda ina cewa Allah ya shirye shi. Na buga cinyata sau biyu, na miƙa hannu. Na san duk garin na kallona, na san gobe wasu za su ce ba su ƙara cin kifin hannun nan. Na ce a raina, su bari.

"Ƙyale-su. Zo."

Ya ɗaga kunne. Ya yi taku biyu ya tsaya. Na sake buga cinya. Sai ya taho, ba da gudu ba, yana kaɗa jela ƙasa-ƙasa, har ya iso. Bai shinshina hannun ba ma. Kansa ya cusa ƙarƙashin tafina, ya tura, ya lumshe ido, kamar wanda ya san wurin tun da daɗewa.

Wayyo Allah. Ashe shi ya san hannu. Duk karnukan tafkin nan shi kaɗai aka saba shafawa, kuma shekara bakwai yana kwana a ƙofata yana jira, ni ina jefa masa kan kifi daga nesa. Na rungume wuyansa, na ji zuciyarsa na bugawa a hannuna, na ji furfurar da ta fito masa a haɓa. Na yi kuka a gaban mutane, ban ɓoye ba. Nusaiba ta lallaɓo ta baya ta soka allura, ko motsi bai yi ba. Ta miƙo mini gwangwanin fenti, ni na shafa masa da yatsana.

Ta miƙe ta ɗaga hannu ta ce, "Arba'in da biyu!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Masunta suka riƙa buga jirgi da filafili, Isa na rawa da yagaggen wando. Nusaiba ta koma gefe ta buga waya, muka yi tsit, ta dawo tana dariya da hawaye ta ce an fasa gubar. Liman Hamza ya ce alhamdu lillahi sau uku.

Na hau kan jirgin da aka kife na ce wa masunta, "Kun ci dariyata da safe, yanzu ku biya. Ɗaki biyar ya rage wa Alhaji. Gobe da asuba duk wanda ya yi jifa yau ina son ganinsa cikin taɓo, ni ke girki." Isa ya ce shi dai kada a sa hanjin kifi a miyar. Kuma sun zo, su goma sha huɗu, kafin azahar ta Lahadi aka gama ɗaki tara, ruwan farko ya sauka bayan kwana shida bai sami kowa a waje ba.

Amma a yammacin nan, da na sauko daga jirgi, sai ga Alhaji Ashiru da buta a hannu. Ya ce, "Miƙo hannun." Ya tsaya nesa-nesa yana zuba mini, yana ƙidaya a fili, har da sa ni in cuɗa da ƙasa. Na ce, "Alhaji, Liman fa ya ce ƙwarya ake wa bakwai." Ya ce, "Ke dai wanke, hankalina ya kwanta. Gobe zan aiko a karɓar mini tarwaɗa, ba na son ina ci ina tunani." Na wanke masa har bakwai ɗin, ban yi gardama ba.

Aka kira magariba mutane suka watse. Na saɓa birgin maigidan a kafaɗa na kama hanyar gida. Ƙyale-su bai bi ni daga nesa ba kamar kullum, a gefena ya taho, kafaɗarsa na gogar zanena. Da muka kai ƙofa ya sake turo kai yana neman hannun.

Na ce, "Kai, ja can, na wanke hannu sau bakwai saboda kai, kuma ban yi salla ba. Zauna nan. In na sallame ina zuwa."

Ya zauna. Da na sallame na fito.